Magani kyauta: wa ya cancanta, kuma da me ake shaida?

Damina lokacin aiki ce, kuma lokacin masassarar cizon sauro ce. A wannan lokaci ne gidajen likita suke cika da yara, a nan ne kuma gardama take yawa tsakanin iyaye da ma'aikata a kan wanda za a duba kyauta da wanda zai biya. Ya kamata kowane magidanci ya san dokar tun kafin ciwo ya zo.

A shekarar 1995 aka kafa dokar da ta sa marar lafiya ya riƙa biyan wani abu a gidan likita. Wannan ya sa talakawa da yawa suna ajiye yaro a gida har ciwo ya yi tsanani. Saboda haka, a zamanin shugaba Tanja Mamadu, gwamnati ta ɗauke wa wasu mutane wannan nauyi. A 2005 aka ce fiɗar da ake yi wa mace don ciro jariri kyauta ce. A 2006 aka ƙara da duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa. A 2007 kuma aka haɗa da sankarar mama da ta mahaifa.

Kyautar ba ta nufin ba wanda yake biya. Gidan likita yana rubuta kowane yaro da ya duba, ya aika lissafi, gwamnati ta maido masa da kuɗin. Don haka ne ma'aikaci yake tambayar shekarun yaro: wanda yake tsakanin haihuwa da wata 59 yana ciki, wanda ya cika shekara 5 ya fita. Idan kuɗin gwamnati suka yi jinkiri, magani yakan yanke, sai a rubuta wa uba takarda ya saya a waje.

To, da me ake shaida shekarun? Cewa an haifi yaro shekarar fari ko bayan babbar salla ba ya shiga rajista. Yaro mai girman jiki ana iya ɗauka ya wuce, alhali bai kai ba. Abin da yake raba gardama shi ne takardar haihuwa da karnen awo da allurar rigakafi.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A kai labarin haihuwa wurin masu rubutawa a gidan likita ko ofishin magajin gari cikin kwana 60, kamar yadda dokar 2019 ta tsara. Wanda ya wuce wa'adi, sai ya bi ta wurin alƙali.
2. A ajiye takardun cikin leda, nesa da ruwa da gara.
3. Uwa ta tafi da karne duk ranar da za ta kai yaro.
4. Idan an nemi kuɗi, a tambayi dalili cikin ladabi, a karɓi takardar shaidar biya. In ba a gamsu ba, a ga shugaban gidan likita ko wakilan gari na kwamitin lafiya.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabta takardun ƴaƴansu, ku gaya musu watan da kowane yaro zai cika shekara 5, don su yi tanadi tun daga kaka. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.