Zullumin da ba ya ƙarewa ciwo ne, kuma yana da magani

Ɗan Barto gari ne na bakin iyaka, a ƙasar Matamaye, cikin jahar Damagaram. Daga nan hanya ke ƙetarewa zuwa Kwangwalam da Mai'aduwa da Daura, a Nijeriya. Abincin mutanen yankin ya rataya ga abu biyu: ruwan sama da iyaka. Babu ɗaya daga cikinsu da ke hannun talaka.

Manya ba su manta da yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan fari da fara na 2004. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamba 2020 ta fara buɗe wasu. Bayan sauyin mulki na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, har watan Maris na 2024. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru, ba abin mamaki ba ne idan hankalinsa ya tashi da ganin rumbu ya yi ƙasa.

Damuwa iri biyu ce

Akwai damuwa mai amfani. Ita ce ke sa manomi ya ajiye iri, ya kai taki gona tun da rani. Da ya gama aikin, sai ta kwanta.

Akwai kuma wadda ba ta kwanciya. Ruwa ya sauka, mutum yana tsoron tsutsa. Gero ya nuna, yana tsoron farashi. An cika rumbu, yana tsoron gobara. Ɗansa ya tafi ci-rani, kullum gani yake mummunan labari na tafe. Ya san tunanin ya yi yawa, amma ya kasa tsayar da shi. Idan haka ta daɗe, kusan kowace rana har wata 6 ko fiye, kuma tana hana shi aiki da barci, likitoci suna kiran ta ciwon zullumi.

Wannan ciwo ba hauka ba ne. Ba ragwanci ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ire-iren wannan ciwo a duniya. Ya fi kama mata. Cikin masu buƙatar magani kuwa, kusan mutum 1 cikin 4 kaɗai ke samu.

Yadda ake gane shi

Allah ya halicci jiki da shirin kare kai. Idan mutum ya ga maciji a gona, zuciyarsa takan buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jiki ya ɗaure don gudu. Da macijin ya wuce, sai jiki ya saki. Mai ciwon zullumi kuwa, jikinsa a ɗaure yake dare da rana, alhali babu maciji. Ga alamomin:

1. Faɗuwar gaba ba tare da dalili ba.
2. Kasa barci, ko farkawa tsakar dare da tunani.
3. Gajiya tun da safe.
4. Ciwon wuya, kafaɗu ko kai, da murɗar ciki.
5. Saurin fushi da iyali.
6. Mantuwa da kasa tara hankali wuri ɗaya.

Abin da mutum zai yi da kansa

Na farko, ku yi amfani da karatunku. Ku ɗauki littafin rubutu, ku ja layi a tsakiyar shafi. A gefe ɗaya ku rubuta abin da ke hannunku. A ɗaya gefen ku rubuta abin da ba ya hannunku. Ruwan sama da rufe iyaka da faɗuwar naira ba su hannunku. Ajiye iri, gyaran rumbu, da auna tiya nawa gida ke ci a rana, suna hannunku. Ku zaɓi aiki ɗaya daga nan, ku yi shi yau. Damuwar da aka rubuta takan ragu, domin an san iyakarta.

Na biyu, ku ba tunani lokacinsa. Ku ware minti 15 kowace rana, misali bayan la'asar. Idan tunani ya zo da dare, ku ce masa ya jira gobe da la'asar. Da farko da wuya, amma sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, numfashi. Idan gaba ya faɗi, ku zauna. Ku ja iska ta hanci a hankali kuna ƙirga 4. Ku sake ta sannu kuna ƙirga 6. Ku maimaita sau 10. Numfashi mai tsawo yakan sassauta bugun zuciya.

Na huɗu, ku rage goro da shayi mai ƙarfi da kofi, musamman bayan magariba. Suna korar barci, suna ƙara bugun zuciya. Ku riƙa kwanciya da tashi a lokaci ɗaya.

Na biyar, kada zaman rani ya zama zaman tunani. Aikin lambu a fadama, kiwo, saƙa, ko tafiyar ƙafa ta rabin awa, duk suna sakin jiki.

Na shida, kada ku ƙaurace wa mutane. Wanda ya daina zuwa kasuwa ko suna saboda fargaba, fargabar ƙaruwa take yi. Ku sami wanda kuka amince da shi, ku gaya masa abin da ke ranku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa ƙungiya ke da amfani. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, ya nuna haka: macen da ta san akwai asusun da za ta ranta ranar ciwon yaro, barcinta ya fi daɗi. Bankin hatsi na gari ma haka yake ga magidanta.

Hattara da ƙwayoyin bakin kasuwa

Wasu sukan sayi taramol don su ji ƙarfi, ko ƙwayar barci irin diyazefam, a hannun masu talla. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Jiki yakan saba da su, har mutum ya kasa zama sai da su. Ranar da babu, zullumin ya ninka. Taramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya kisa.

Yaushe za a tafi likita?

Idan alamomin sun daɗe, ko sun hana ku noma da kula da gida, ku tafi gidan likita mafi kusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ku tsaya ga ciwon kai kaɗai, ku faɗi maganar tunani da rashin barci. Likita zai duba ko akwai wani ciwo, domin ƙarancin jini da wani ciwon maƙoƙo suna kawo bugun zuciya irin wannan. Idan da buƙata, zai tura ku asibitin Matamaye ko babban asibitin Damagaram.

Maganin iri biyu ne. Akwai zama da ma'aikacin lafiya wanda ke koya wa mutum yadda zai sarrafa tunaninsa. Akwai kuma ƙwaya ta likita, wadda takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta. Kada a daina shan ta sai da izinin likita. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Abu biyu ba sa jira: ciwon ƙirji mai tsanani tare da sarƙewar numfashi, da tunanin mutum ya hallaka kansa. A kai shi likita nan take, kada a bar shi shi kaɗai.

Kira ga iyali

Maigida, idan uwargida ta rame, ba ta barci, kada ka ce mita ce. Uwargida, idan maigida ya koma shiru da fushi, ki tambaye shi cikin lalama. Cewa "ka daina tunani" ba ta warkar da kowa. Ku saurare shi, ku rage masa wani aiki, ku raka shi likita. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, amin.