Makarantar da Ke Bayan Kanta

Wanda ya shiga Kantin Kwari da sassafe zai tarar da samari na share ƙofar shago, suna jera atamfa da shadda kafin maigida ya iso. Yaran shago ake ce musu, ko da kuwa wani ya tara gemu da iyali. A nan suke koyon wane baƙo daga Maraɗi ko Agadas ake ba kaya bashi, wane ne sai kuɗi hannu, da lokacin da ake yin shiru a bar mai saye ya taya.

Tsarin ba na jiya ba ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro a ƙarƙashin madugu suke tafiya, yaro ya fara da kula da jakuna kafin ya ɗaure nasa kayan. Cikin wannan fataucin goro Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya ginu kafin gyaɗa ta fito da sunansa.

Yau horon ya koma ɗakin taro da intanet. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta a 2015 da alƙawarin dala miliyan 100, tana koyar da matasan Afirka, ta haɗa su da masu ba da shawara, ta ba waɗanda aka zaɓa jarin dala 5,000. Abin a yaba ne, musamman koyar da rubuta shiga da fita, inda yawancin 'yan kasuwarmu suke da rauni. Sai dai mai ba da shawara ba ya asarar ko kwabo idan ɗalibinsa ya karye. Ubangida kuwa, ranar da ya kai yaronsa gaban babban dila ya ce "a ba shi, ni na tsaya masa," sunansa ya jingina. Wannan lamuni ya fi jari tsada.

Inda tsarinmu ya gaza shi ne yaye. A wajen 'yan ƙabilar Ibo, tun ranar da aka kawo yaro ake yanke shekarun da zai yi, a gaban iyayensa, idan sun cika a sallame shi da jari. Mu kuwa kunya kan hana a tayar da zancen. Na san wanda ya shekara 14 a shagon yadi, duk sallah maigida na ce masa "bana in Allah ya yarda." Mukullan shagon har yanzu suna aljihun yaron, shi ke buɗewa kullum da safe.