Layin dogon Maiduguri: A auna shi kafin tsatsa ta cinye

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san motar kara da ta langa-langa, waɗanda yara kan ƙera su ja da zare a lungu. A Turai da Amurka manya sun mayar da irin wannan wasa sana'a mai ƙa'ida. Sukan ƙera ƙaramin samfurin jirgin ƙasa a kan ma'auni, galibi kashi 1 cikin 87 na girmansa, har gadoji da tashoshi.

Wasu daga cikinsu sun ƙware a layukan dogon 'yan katako na jihohin Oregon da Washington. A farkon ƙarni na 20, akan ɗaure igiyar ƙarfe mai kauri tsakanin dogayen bishiyoyi biyu, injin tururi ya riƙa jawo gumagumai a rataye, ya ƙetare kwazazzabai da su zuwa bakin dogo, a loda a tarago. Da itacen wuri ya ƙare, sai a tumɓuke dogon a kai gaba. Yawancin layukan sun shuɗe, sai hotuna da zanen injiniyoyi, waɗanda maƙeran samfuri ke dogaro da su wajen nuna wa jikoki yadda aikin ya gudana.

Borno ba ta da irin wannan kurmi, amma tana da dogon da ke neman bin sahun waɗancan. A 1958 Najeriya ta karɓi rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya domin jiragen ƙasa, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, tafiyar kusan kilomita 640. Shekara da shekaru yana kai gyaɗa da shanu da fatu kudu. Rashin kulawa ya raunana shi, rikicin Boko Haram ya tsayar da shi cak, 'yan jari-bola kuwa ba su bar ƙarafan dogo sun huta ba a sassan ƙasar nan.

A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sake gina layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Ranar da aikin ya iso Borno, za a rushe wasu tsofaffin gine-gine a kwashe tsofaffin ƙarafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan ba a auna su yanzu ba, ba za a sake samun abin aunawa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Faɗin tsohon dogon Najeriya milimita 1,067 ne, wanda a ma'aunin 1 cikin 87 zai dawo kimanin milimita 12. Layin Kuru zuwa Maiduguri gaba ɗaya zai ci fiye da kilomita 7 ko a samfuri, don haka tashar Maiduguri kaɗai ta isa: dandamalinta, da rumbunan kaya, da wurin sauya layi. Abin da ake buƙata shi ne awon gine-ginen, da tsofaffin zane-zanen Hukumar Jiragen Ƙasa, da bakin tsofaffin ma'aikatan da suka san inda komai yake, waɗanda kullum raguwa suke yi.

Legas tana da ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa a Gidan Jaekel da ke Ebute Metta. Maiduguri tana da gidan tarihi na ƙasa, da jami'a, da Kwalejin Kimiyya ta Ramat, inda ɗaliban zanen gini za su iya wannan aiki. Saura jami'in da zai rubuta takardar da za ta haɗa Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Gidajen Tarihi a teburi ɗaya. Yaron da aka haifa a Maiduguri bayan tsayawar jirgin ya fara zama saurayi, bai taɓa jin kukansa ba.