Harawa Kafin Turke: Yadda Gidan Ceton Dabbobi Zai Ɗore a Bauchi

A garin Bauchi, kamar sauran manyan garuruwan Arewa, akwai dabbobin da ba sa cikin lissafin kowa. Akwai karnukan da ke fitowa bayan isha'i suna tonon bola a gefen kasuwanni irin su Muda Lawal da Wunti, akwai kyanwoyin da ke haihuwa a kangaye da cikin silin, ga kuma jakin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen dakon yashi da itace, da bayansa ya yi gyambo sai aka kwance masa akumari aka kore shi. Duk lokacin da tausayinsu ya kama matasa, shawarar da ke fara zuwa ita ce a nemi fili a kewaye, a riƙa tara su ana ciyarwa. Niyya ce mai kyau, sai dai an faro ta daga inda ya kamata a ƙare. Abu biyu ne ke riƙe irin wannan gida: kuɗin da ke shigowa duk wata ba tare da roƙo ba, da hannun da zai karɓi dabba bayan ta warke. Katanga da rufi su ne mafi sauƙin samu.

Gini sau ɗaya ake yin sa, ciki kuwa kullum yana nan. Mai hali ba ya jinkirin ba da bulo da kwanon rufi, domin abu ne da ido ke gani, har a rubuta sunansa a jiki. Wanda ke da wuyar samu shi ne mai ɗaukar nauyin dusa da harawa a watan Afrilu, lokacin da rani ya kai maƙura, ciyawa ta ƙare, abincin dabbobi ya yi tsada. Bayan abinci ga maganin tsutsa da na kaska, ga allurai, ga ruwa, ga ladan likitan dabbobi. Kuma nauyin ba na ɗan lokaci ba ne: kare yakan haura shekara 10, jakin da ake kula da shi yakan kai 30, karya kuwa cikinta wata biyu ne kacal, ta zubo kwiyakwiyai shida ko fiye. A Ingila, Elisabeth Svendsen ta sayi jakarta ta farko a 1969, sai a 1974 wata dattijuwa ta rasu ta bar mata wasiyyar jakuna 204. Sunansa kyauta, amma bakuna 204 ne da za su nemi abinci washegari, kuma abin da ya raya gidanta na Donkey Sanctuary har yau shi ne gudummawa mai ɗorewa, musamman dukiyar da mutane ke bari a wasiyya. Masu aikin sa kai ma ba a gina lissafi a kansu kaɗai. Ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa zai tafi hutu, mai yi wa ƙasa hidima zai gama shekararsa ya koma garinsu. Dole a sami mutum ko da ɗaya ne mai albashi, wanda shayar da dabbobin da share turke aikinsa ne, ko ranar Sallah.

To daga ina kuɗin zai fito? Ba daga zakka ba, domin an ƙayyade masu cin ta kashi takwas a Suratut Tauba, babu dabba a ciki. Ƙofar da ke buɗe ita ce ta sadaka da waƙafi da wasiyya, wadda shari'a ta yarje a yi ta da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Waƙafi domin dabbobi tsohon abu ne a ƙasashen Musulmi. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya tsayar da wani lambu a Alƙahira domin a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su, a birnin Bursa na Turkiyya kuma an taɓa keɓe gida sukutum domin jinyar shamuwoyin da suka karye. A Bauchi ta yau waƙafin na iya zama shaguna biyu ko uku da hayarsu ke shiga asusun gidan, ko rijiyar burtsatse da 'yan garuwa ke sayen ruwa, ko gonar wake da gyaɗa da za ta ba da harawar rani. Akwai kuma hanyar da ta fi waɗannan kusa. Gari ne mai hawan Sallah, da masu dawakai da masu kiwon raguna da za su iya biyan kuɗin magani. Idan gidan ya buɗe ɗan ɗakin duba dabbobi ƙarƙashin likita mai rajista, abin da mai doki ya biya zai ɗauke nauyin jakin talaka. Sai dai lambun Baibars yana ɗauke da gargaɗi: masu kula da shi na baya sun yi ta sayarwa da jinginarwa har abin da yake kawowa ya zama ba a bakin komai ba. Saboda haka rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, da liƙa lissafin wata a bakin ƙofa, ba ƙawa ba ne. Mutanenmu sun sha ganin asusun taimako ya narke, kuma suna da hujjar yin ɗari-ɗari.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ina hankali a ciyar da kare a garin da yara ke yawo da ƙoƙon bara. Ba yau aka fara shi ba. Da Mary Tealby ta buɗe gidan karnuka a Landan a 1860, wanda daga baya ya zama Battersea, jaridar The Times ba'a ta yi mata da irin wannan magana. Ƙorafin yana da gaskiya idan gidan zai tsaya ga tara karnuka yana ciyar da su har su mutu. Yana rushewa ne idan aka dubi ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake tsira. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allurar riga-kafi, aka ci gaba da yi duk shekara, cutar takan yanke, kuma kuɗin allurar kare ɗaya bai kama ƙafar abin da iyali ke kashewa a kan jerin alluran wanda aka ciza ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin wannan allura, ga ta nan kusa a Jihar Filato. Mai cewa a bi karnukan da guba kawai ya manta cewa muddin bola da sharar kwata suna nan, wasu karnukan ne za su cike gurbin, waɗanda ba a taɓa yi musu allura ba. A Jaipur ta Indiya, tun 1994 ƙungiyar Help in Suffering ke kama karnukan titi, ta yi musu aikin hana haihuwa da allura, ta mayar da su unguwarsu, kuma mutuwar mutane daga cutar ta faɗi ƙasa warwas a yankin da aikin ya shafa. Ashe yaron da ke kwana a soro shi ne na farkon cin moriyar aikin.

Batun najasa kuwa bai kai yadda ake kururuta shi ba. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta ajiye shi domin farauta da tsaron garke da gona. Labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, duk suna cikin Bukhari da Muslim.

Saura ƙofar fita, wadda ita ce masu tausayi suka fi mantawa. A Turai da Amurka ana ɗaukar kare a kai shi cikin ɗaki kamar ɗan gida, kuma wanda ya jira Bahaushe ya yi haka zai daɗe yana jira. Namu tsarin daban ne. Tsintacciyar akuya gidan mai unguwa ake kai ta a yi cigiya, don haka gidan ceto ya fara daga nan kafin ya ɗauki dabba a matsayin marar mai ita. Muna da al'adar ba da kiwo, Fulani suna da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa garke saniya ta haihu a hannunsa. Jakin da ya warke ana iya ba da shi riƙo ga manomin da ke buƙatarsa, kare ga mafarauci ko mai gadi, kyanwa ga mai shagon hatsi da ɓeraye suka addaba. Amma a yi shi a rubuce, a gaban dagaci ko mai unguwa, da sharaɗin ba sayarwa da kuma zagayen dubawa. Dalilin wannan tsanani shi ne cinikin fatar jaki da ake fitarwa zuwa Sin domin haɗa wani magani, cinikin da ya rage jakunan nahiyar nan har Tarayyar Afirka ta amince da dakatar da shi a taronta na Fabrairun 2024. Jakin da aka bayar kyauta ba tare da takarda ba yana iya kwana a motar dillalai. Ɗan biri ko wata dabbar dawa da aka ƙwato daga hannun masu talla kuwa ba hurumin wannan gida ba ce, hukumomin da ke kula da gandun dajin Yankari da na Sumu ake miƙa wa.

Ko an yi duk wannan, wata rana za a kawo dabba alhali turaku sun cika. Tun kafin ranar ya kamata amintattu su rubuta adadin da gidan zai iya ɗauka gwargwadon kuɗin da ke shigowa, su kuma bar wa likita hukuncin dabbar da ciwonta ba ya warkewa ko wadda ake zargin ta kamu da hauka. Cunkoso yana yaɗa ƙirci da gudawa cikin 'yan kwanaki, kuma dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta hana zaluntar dabbar gida da barin ta cikin wahala, ba ta ware mai gidan ceto ba idan dabbobi suka rame a hannunsa.