Yadda Likitoci Ke Auna Haɗarin Tiyatar Maƙoƙo

A ce wata baiwar Allah ce daga Lolo, can bakin iyakar Jamhuriyar Benin a Ƙaramar Hukumar Bagudo, ta shekara goma da maƙoƙo, har ya fara hana ta numfashi in ta kwanta. Da an kai ta Birnin Kebbi ko Sakkwato, 'yan'uwanta za su tambayi likita, "Shin za ta tashi kuwa?" Rai na hannun Allah, amma likita yana da ma'aunan da yake kimanta haɗari da su.

A tsakiyar ƙarni na 19, kusan 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan aiki mutuwa suke yi. Theodor Kocher na ƙasar Suwizalan shi ya rage adadin zuwa ƙasa da 1 cikin 100, ya kuma sami lambar Nobel a 1909.

Wuya wuri ne mai ƙunci. Jijiyar da ke sarrafa murya tana bi ta bayan maƙoƙon. In aka taɓa ta, murya ta dushe. Don haka akan leƙa maƙogwaro kafin aiki. Akan kuma gwada jini, domin in sinadarin da ƙullin ke fitarwa ya yi yawa, zuciya na iya rikicewa ana cikin aiki, sai an fara kwantar da shi da magani.

Gwajin da ya fi ban sha'awa kuwa ba ya bukatar na'ura. A 1985 Dokta Mallampati ya nuna cewa in majiyyaci ya wage baki ya zaro harshe, aka hango belinsa sarai, sanya bututun numfashi zai zo da sauƙi. In harshe ya rufe komai, to likitan sa barci ya yi shiri na musamman. Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan a aji da tocila kawai.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika lissafawa ba, wato nisa. Jini na iya taruwa a wuya cikin awa 24 na farko ya shaƙe mutum, shi ya sa ba a gaggauta sallama. In kuma aka cire ƙullin gaba ɗaya, shan magani ya zama na kullum har ƙarshen rai. Likitan kirki zai tambayi matar nan ta Lolo inda za ta riƙa samun maganin, kafin ya yanke shawarar cire duka ko rabi.