Neman malamin gida: uba ya san abin da yake saye kafin ya zuba kuɗɗinsa

Da zarar an koma makaranta cikin watan Oktoba, akwai wata kasuwa da ke ci a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa. Ita ce kasuwar malaman gida, waɗanda ƴan boko ke ce ma repetiter. Ana ganin tallarsu a bangon lise, a ƙofar shagunan fotokopi, da cikin wayar salula ta WhatsApp. Wannan ya ce ya iya lissafi da fizik, wancan ya ce Ingilishi da falsafa, wani ma ya ce babu fannin da ya gagare shi. A da, iyayen ƴan birbe da ƴan bak ne suka fi shiga wannan kasuwa. Yanzu iyayen ɗaliban jami'a da na makarantun kiwon lafiya su ma sun shiga, kuma cikin darussan da ake nema ma malami akwai wanda iyaye da dama ba su taɓa jin sunansa ba: mikrobiyoloji, watau ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Mafarin abin

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin shekarun 1990, lokacin da ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi, yajin aiki ya yawaita a makarantu, malamai da dama suka koma koyarwa gida-gida don su rufa ma iyalinsu asiri. Daga ƙarshen waɗannan shekaru aka fara cika azuzuwa da malamai ƴan kwantaragi, yara kuma suka yi ta ƙaruwa fiye da kujeru. Sakamakon jarrabawa ya ƙara tsorata iyaye: a 2021, waɗanda suka ci bak ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba.

Karatun sama kuma ya faɗaɗa. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta daɗe ita kaɗai ce jami'ar gwamnati, har zuwa 2010 da aka buɗe na Maraɗi, Damagaram da Tawa, aka ƙara huɗu a 2014. Ga makarantun kiwon lafiya na ENSP a Yamai da Damagaram, ga masu zaman kansu da suka yawaita a manyan garuruwa. Yaron da ya fito da bak D yana iske kansa cikin babban zauren karatu tare da tarin ɗalibai. Malami ya yi bayani ya wuce, a raba takardun darasi, ba lokacin tambaya. A tsarin LMD, kowane zangon karatu yana da kiredi 30, darasin da aka faɗi kuwa bashi ne da ke bin ɗalibi har sai ya biya shi. Daga nan ne ake bugo ma uba waya a nemi kuɗɗin malamin gida.

Darasin da hadda ba ta isa

Mikrobiyoloji yana nazarin ƙwayoyin bakteriya, da birus, da funfuna, da ƙananan halittu irin wadda ke kawo masassarar cizon sauro. Duk mai son zama lokotoro, ko mai haɗa magani, ko ma'aikacin ɗakin awo, ko ungozoma, ko likitan dabbobi, sai ya bi ta kansa. Rabinsa yana cikin takarda, rabinsa yana cikin ido da hannu.

Misali guda ya isa. A 1884 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rina ƙwayoyin cuta wadda har yau ake aiki da ita. Ana shafa abin da za a auna bisa ɗan gilashi, a zuba rini shunayya, a bi da ruwan Lugol, a wanke da alkol, sannan a zuba jan rini. Ƙwayoyin da suka riƙe shunayya kashi ɗaya ne, waɗanda suka koma ruwan hoda kashi ne na daban. Ɗalibi na iya haddace wannan cikin minti goma. Amma in ya bar alkol ya wuce ƴan daƙiƙun da ya kamata, ƙwayar da ya dace ta fito shunayya sai ta fito ruwan hoda. Da haka ana iya ɗaukar pneumocoque a matsayin méningocoque. Dukansu suna kawo sanƙarau, dukansu suna fitowa biyu-biyu a madubin awo, amma na biyun shi ne wanda aka fi sani da haddasa annoba a ƙasashen Sahel.

Mutanen Nijar sun san nauyin wannan magana. An fara allurar MenAfriVac a 2010 don kare jama'a daga sanƙarau nau'in A. A 2015 annoba ta dawo da nau'in C, sama da mutum 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Awo ne ya nuna cewa nau'in ya sake, kuma cibiyar CERMES ta Yamai ita ce babban ɗakin awon da ake aika ma ruwan ƙashin bayan marasa lafiya don tabbatarwa. Ke nan yaron da ake nema ma malami yau, gobe yana iya zama shi ne zaune gaban madubi a wata likita, ana jiran abin da zai rubuta. In hadda kaɗai ya saya, zai ci jarrabawa, amma mara lafiya ne zai biya sauran.

Ina ake samun na ƙwarai?

Masu iya koyar da wannan darasi a gida kusan iri uku ne. Na farko su ne manyan ɗalibai: ƴan shekarun ƙarshe na karatun likita da masu karatun master. Sun san tsarin darasin, sun san yadda ake tambaya a jarrabawa, kuɗɗinsu da sauƙi. Aibinsu shi ne in tasu jarrabawa ta matso, ko aka sa su gadi a asibiti, sai a neme su a rasa. Na biyu su ne ma'aikatan ɗakin awo na asibitoci. Su ne masu hannu, sun ga ƙwayar tarin fuka da ta kwalara da idonsu. Sai dai ba kowane gwanin aiki ne gwanin bayani ba, wasu kuma sun daɗe da barin takarda. Na uku su ne malaman SVT na lise. Suna da haƙuri da dabarar koyarwa, sun dace da ɗalibin da tushensa ke da rauni, amma da yawansu ba su yi aikin awo ba.

Hanyar samun su mafi aminci ita ce ta bakin waɗanda suka riga suka ci darasin. Ɗalibi ya tambayi yayyensa na aji na gaba wa ya taimake su, ya tambayi masu kula da aikin gwaji a makarantarsa. Takardar da aka liƙa a bango ba ta shaidar kowa. Akwai kuma masu koyarwa ta intanet daga wasu ƙasashe. Hotuna da bidiyon da suke nunawa suna da amfani ƙwarai, amma a lissafa kuɗɗin intanet da yankewar wuta, a tabbatar darasinsu ya yi daidai da na makarantar yaro, kuma kada a biya watanni da yawa gaba ɗaya ga mutumin da ba a san ƙofar gidansa ba.

Gwajin da ko wanda bai yi boko ba zai iya

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun wake bai soka ya ga abin da ke ciki ba. Haka ya kamata a yi ma malami, kuma ba sai uba ya ji Faransanci ba.

Da farko a ga takardunsa, a tambaye shi yaushe rabonsa da zama gaban madubin awo. Sannan a nemi ya yi darasin gwaji guda, uba ko uwa suna zaune. A ce ya bayyana da Hausa dalilin da ya sa maganin antibiyotik ba ya kashe ƙwayar mura ko ta ƙyanda. Wanda ya fahimci darasin zai ce waɗannan birus ne ke kawo su, shi kuwa maganin bakteriya yake yaƙa, don yana rushe bangonta ko ya hana ta sarrafa abin da take rayuwa da shi, birus kuwa ba shi da irin waɗannan sassa. A tambaye shi abin da ya sa ake jiran kwana guda ko fiye kafin sakamakon wani awo ya fito. Amsa ita ce sai an shuka ƙwayar an aje ta cikin zafin digiri 37, irin na jikin mutum, ta hayayyafa har a iya ganin ta. Wanda ya kasa sai ya fake da manyan kalmomi.

A lura kuma da wanda ya fi magana. In malami ya shafe awa biyu yana karanto takarda yaro yana rubutu, an sake sayen abin da aka riga aka biya a makaranta. Malamin kirki yana neman takardun darasi da tambayoyin shekarun baya, yana duba takardar jarrabawar da yaro ya faɗi, yana sa shi zane da bayani da bakinsa. Bayan wata guda, a sa yaron ya bayyana ma mahaifiyarsa dalilin da ya sa ake tafasa ruwan rijiya lokacin amai da zawo. In ta gane, kuɗɗi suna aiki.

Wani lokaci ciwon yana wani wuri

Ɗalibai da dama da ke faɗuwa mikrobiyoloji, lissafi ko Faransanci ne ya kada su. Akwai bakteriyar da ke rabuwa biyu kowane minti 20 in ta samu wuri mai daɗi. Cikin awa 7 ta rabu sau 21, guda ɗaya ta zama sama da miliyan 2. Wanda bai riƙe lissafin ninki da na goma-goma tun daga lise ba zai ruɗe a nan, zai kuma ruɗe wajen tsarma ruwan awo kashi ɗaya cikin 10 ko cikin 1,000. Haka sunayen ƙwayoyin, daga Girkanci da Latin aka samo su, sai mai ƙarfin harshe. Don haka kafin a ɗauki malami, a gano inda gizo ke saƙa. Wata biyu na lissafi ko kimiyyar sinadarai na iya gyara abin da wata tara na maimaita takarda ba za su gyara ba. Wannan ka'ida ta shafi ɗan birbe da ɗan bak: a nemi malami don darasi guda ko biyu da aka tabbatar da rauninsu. Mai cewa ya iya komai, daga falsafa har fizik, a yi hattara da shi.

Batun kuɗɗi da sharuɗɗa

Babu farashin da hukuma ta tsaida, ciniki ne. Amma a yi lissafi tun farko. A ce an shirya kan jika 15 a wata: cikin wata tara ya kama jika 135, abin da ya zarce albashin wata uku na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda aka kai jika 42 tun Janairun 2024. Ɗalibai huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗɗi su ɗauki malami guda. Nauyi ya ragu, kuma suna ƙaruwa da tambayoyin junansu. A tsaida ranaku da awoyi, a biya ƙarshen wata, a yarda cewa darasin da aka tsallake za a rama shi, a sa ranar gamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya: malamin da aka ɗauka saura mako biyu jarrabawa, hadda kaɗai zai iya ba da.

Akwai abubuwan da ba a sassauci a kansu. Malamin da zai gyara takardar jarrabawar yaro bai dace ya zama malaminsa na gida ba, don kuɗɗin suna iya komawa farashin maki. Mai alkawarin kawo tambayoyin jarrabawa, ko rubuta ma ɗalibi rahotonsa na ƙarshen karatu, yana jefa shi cikin haɗarin kora da zubewar mutunci. In ɗiya mace ce, a yi darasi a zaure ko tsakar gida, inda idon iyaye yake. Kuma ko da wasa kada a yarda a kawo jini, ko kaki, ko shukar ƙwayoyin cuta cikin gida da sunan koyarwa. Irin waɗannan sai an dafa su cikin tukunyar tururi mai zafin digiri 121 kafin a zubar. Mai son ganin aiki ya nemi izinin koyon aiki a hukumance.

Abin da malamin gida ba ya iya ba da

Komai gwanintarsa, malamin gida ba ya zama ɗakin awo. Gani ya kori ji. Uban da ke biyan kuɗɗin makarantar kiwon lafiya yana da haƙƙin ya je ya tambaya: madubai nawa ke aiki, ɗalibai nawa ke zama kan guda, sau nawa ake aikin gwaji a zango, wace asibiti ake tura yara koyon aiki? In amsar ba ta gamsar ba, jika 135 ɗin da za a ba malamin gida ba za su toshe wannan giɓi ba, gara iyaye su haɗa kai su nemi makarantar ta cika aikinta. In kuwa makaranta tana yin nata, malami guda da aka zaɓa da natsuwa, aka gwada shi, aka sa masa ido, ya isa ya ɗora yaro bisa hanya. Ribar ba ta mai biya kaɗai ba ce, don wanda za a kai awo gobe bai san hannun da zai faɗa ba. Allah shi sa a dace.