Akwatin Tsohon Kafinta Na Aziziyya

Jama'a, kwanan baya muka je gaisuwa wani gida a unguwar Aziziyya ta birnin Jidda, sai maigidan ya sa aka jawo mana akwatin aikin mahaifinsa, wanda ya daɗe da rasuwa. Da aka buɗe muka tarar da zarto biyu, da guduma, da gizago, da kurfi. A can ƙasa kuma ga wani ƙunshi, cikinsa akwai littafin sallama daga soja da lamba mai siffar tauraro, watau lambar Yaƙin Bama. Muka tambayi jikokinsa ko sun san ƙasar da kakansu ya samo ta, babu wanda ya iya ba mu amsa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

Mu dai Baba mu ke ce masa. A zangon Kumasi aka haife shi, ubansa Bakano ne mai fataucin goro. Sa'ad da yaƙin Hitila ya yi tsanani sai ya shiga soja, cikin rundunar Gwalkwas. Ba a yi masa wuyar zama ba, gama a zamanin nan Hausa ce harshen bariki. Turawan Ingila suka haɗa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya a jirgin ruwa, daga can sai Bama, su kara da sojan Japan. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan cikin 1944, a watan Janairu na 1945 kuwa rundunan biyu suka haɗu aka ci garin Myohaung. Wanda ya san Burma Camp a Ankara, ko barikin Kaladan a Tamale, to, daga nan sunayen suka fito.

Dajin nan ba hanyar mota, abinci daga jirgin sama a ke jefo musu, kaya kuwa a ka a ke ɗauka. Baba ya kan ce abin da ya cece su gora ce. Da ita su ke yin gada, da bukka, da gadon ɗaukar wanda aka yi wa rauni. Nan hannunsa ya faɗa da aikin itace, har aka mai da shi wajen kafintocin soja, ya koyi awo da haɗa katako.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka komo da su gida, amma alkawuran aiki da fansho ba su cika yadda su ke tsammani ba. Dattawanmu sun san abin da ya faru a Ankara ran 28 ga Fabrairu, 1948, sa'ad da tsofaffin soja suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna kuka, aka buɗe musu wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Baba ya ce tun daga ran nan ya daina jiran gwamnati, ya riƙe zartonsa.

Bayan wannan sai ya ɗaura niyyar Hajji ta ƙasa, shi da matarsa. Suka bi ta Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda a ke kira Njamena yanzu, suka ratsa Wadai da Darfur har El Obeid inda jirgin ƙasa ya ke. Kowane zango guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙofofi da akwatuna, in ya tara abin tafiya su yi gaba. Da haka suka kai Sawakin, suka ƙetare Bahar Maliya.

Ya sami Jidda an riga an rushe ganuwarta tun 1947, gari yana ta faɗaɗa, ana neman masu sana'a ido rufe. Ya yi aiki a hannun kafintocin tsohon gari, masu gyaran tagogin katakon nan masu ƙananan ramuka da a ke kira rawashin, waɗanda ke shigo da iska su kuma tsare mutuncin matan gida. Da gari ya miƙa arewa sai ya ƙaura Aziziyya. Daga baya tagogin alminiyam da na'urar sanyaya ɗaki suka rage wa katako kasuwa, sai ya koma yin gadaje da kabad. Ga shi a 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Jidda cikin kayan tarihin duniya, aikin da aka raina ya zama abin nema.

Game da iyali kuwa, da wannan guduma ya ciyar da 'ya'yansa, ya sa su makaranta, ya aurar da su. Ba ya cin abinci shi kaɗai. Alhajin da ya zo daga zango kuɗinsa suka ƙare, a zaurensa ya ke kwana. Allon yaran makaranta da makarar masallaci kuwa bai taɓa karɓar ko kwabo a kansu ba.

To, 'yan'uwa, roƙonmu biyu ne. Na fari, duk wanda ke da littafin soja, ko lamba, ko hoton mahaifinsa, ya kawo wa magatakardan ƙungiya a rubuta sunansa da garinsa da rundunarsa, tun waɗanda suka ji labarin daga bakin masu shi suna da rai. Na biyu, fatake da masu kantuna, kada mu bar yaranmu su dogara ga saye da sayarwa kaɗai. Kasuwa ta kan faɗi, jari ya kan karye, amma mutumin nan ya ratsa Afirka daga yamma zuwa gabas ba shi da jari sai akwati guda.

Allah ya jiƙan Baba da abokan tafiyarsa, ya sa Aljanna ce makomarsu, ya albarkaci bayansu. Amin.